Kafin ki sayi maganin cin abinci, duba kwanon yaro da tsakar gida

A wannan mako za mu tsaya a kan yaran da suka fara tafiya, wato daga shekara 1 zuwa 3.

Duk mai aiki a kantin magani a garin Gombe, ko a nan Federal Low-Cost ne, ko Pantami, ko Jekadafari, ya san buƙatar da iyayen irin waɗannan yara suka fi zuwa da ita: a ba su maganin cin abinci, yaro ya daina ci. In aka bi diddigi, sau da yawa ba magani yaron yake buƙata ba. Matsalar tana cikin kwanonsa, ko a yadda ake ba shi abincin, ko kuma a wurin da yake zama ya ci. Shi ya sa na haɗa maganar abinci da ta dabbobin gida, domin a wannan shekaru hannun da ya kama jelar kaza shi ne yake komawa baki.

Me ya sa cinsa ya ragu?

Uwargida, jariri mai lafiya yakan ninka nauyin haihuwarsa sau uku kafin ya cika shekara. Wanda aka haifa da kilo 3 zai kai wajen kilo 9 ko 10. A shekara ta biyu kuwa kilo 2 zuwa 3 kawai yake ƙarawa. Tunda girman ya rage sauri, buƙatar abinci ma tana raguwa. Ga shi kuma cikin ɗan shekara ɗaya bai wuce cin ƙaramin kofi ba, wajen mililita 200 zuwa 250. Idan kin zuba masa tuwo malmala guda ya ci kwata ya ture, mai yiwuwa ya ƙoshi ne.

Abu na biyu, a wannan lokaci ne yaro yake gano cewa yana da ra'ayin kansa. Ya koyi cewa "a'a," kuma yana gwada ta a kan wanka, da sa riga, da abinci. Yakan kuma ƙi sabon abinci don bai saba da shi ba. Akan kai sau 8 zuwa 15 ana ajiye masa abu a gabansa kafin ya karɓa. Don haka idan ya tofar da faten wake yau, kada ki yanke hukuncin cewa ba ya son wake. Ki sake gwadawa bayan kwana biyu ko uku.

To, yaya za ki bambance wannan da ciwo na gaske? Sikeli ne alƙali. Ki riƙa kai shi awo a asibitin unguwa, a rubuta a katinsa. Muddin nauyinsa yana hawa, yana wasa, yana barci, hankalinki ya kwanta. Amma idan nauyin ya tsaya wata biyu ko uku, ko yana raguwa, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko gashinsa ya yi laushi ya koma ja, ko tafin hannunsa ya yi fari, wannan aikin asibiti ne. Akwai ɗan tef da ake auna damtsen yaro da shi: ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani. Kada mu ɗauka wannan matsalar ƙauye ce kawai. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kashi 68 kuma na 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini.

Abin da ke cikin kwalbar

Yawancin magungunan ruwa da ake sayarwa da sunan buɗe ciki suna ɗauke da wani sinadari da za ki ga an rubuta Cyproheptadine a jikin kwalba. Asalinsa maganin ƙaiƙayi ne da borin jini. Sa yunwa da sa barci illolinsa ne, su ne aka mayar abin talla. Ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, kuma wanda ya wuce haka ma sai likita ya rubuta. Yakan sa yaro ya wuni yana gyangyaɗi, wani kuma ya birkice ya kasa zama wuri ɗaya, idan ya yi yawa har jijjiga yana kawowa. Da an daina, cin ya koma yadda yake, saboda ba a taɓa tushen matsalar ba.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne deksametason, wanda aka fi sani da deksa, irin da ake sawa cikin haɗin da ake kira sha-ka-fashe. Kumatun yaro za su cika, maƙwabta su ce ya yi ɓulɓul, alhali ruwa ne da kitse suka taru. A ciki kuwa garkuwar jikinsa tana rauni, tsawonsa yana tsayawa, sukarin jininsa yana hawa. Idan an riga an ɗauki makonni ana ba yaro, kada a tsayar rana ɗaya. A kai shi wurin likita ya rage masa sannu a hankali, domin yankewa farat ɗaya ma tana da nata haɗarin.

Maganin bitamin ba guba ba ne idan an bi ƙa'ida, amma ba ya maye gurbin abinci. Kuɗin kwalba ɗaya zai sayi ƙwai da yawa.

Ɗura ba gata ba ce

Na san da yawanmu da ɗura aka raine mu, kuma iyayenmu da kyakkyawar niyya suka yi. Amma idan aka matse yaro tsakanin cinyoyi, aka toshe masa hanci, aka zuba kunu a baki, dole ya ja numfashi ta bakin nan, kunun ya bi hanyar iska ya sauka a huhu. Daga nan ake samun ƙwarewa, da ciwon huhu bayan kwana biyu, wani lokaci har a rasa yaron nan take. Wanda ya tsira kuma yakan tsani cokali, da ya hango kofi ya fara kuka. Idan kaka ce ko mai reno take yi, a yi mata bayani cikin ladabi, kuma maigida ya sa baki, domin a gidaje da yawa maganarsa ta fi ta matarsa shiga kunnen mahaifiyarsa.

Tsarin da ya fi aiki shi ne a raba aiki. Ke za ki zaɓi abin da za a ci, da lokaci, da wuri. Shi kuma ya zaɓi yawan da zai ci. Ki zaunar da shi, ki kashe talabijin, ki ajiye waya, ki ba shi minti 20 zuwa 30. Ya ci da hannunsa, ya ɓata riga, ba laifi. Idan ya ture, ki ɗauke ba faɗa, kuma kada ki bi shi da biskit. Ya jira lokaci na gaba.

Me za a zuba a kwanon?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ci gaba da shayarwa har shekara 2, tare da abinci sau 3 zuwa 4 a rana, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2. Ta kasa abincin yara gida takwas: nonon uwa; hatsi da su doya da dankali; wake da gyaɗa da waken suya; madara da dangoginta; nama da kifi da hanta; ƙwai; ganye da 'ya'yan itatuwa masu bitamin A irin su zogale, alayyafo, karas, kabewa, gwanda da mangwaro; sai sauran kayan lambu da na marmari. Ana so yaro ya samu aƙalla biyar daga ciki kowace rana. Duk waɗannan akwai su a kasuwanninmu.

Kunu tsararo yana cika ciki ba tare da ya gina jiki ba. Ki dama shi da kauri yadda ba zai zube daga cokali da sauri ba. Garin da ake kira Tom Brown yana da sauƙin haɗawa: awo 6 na gero ko dawa ko masara, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa. A wanke, a shanya, a soya kowanne daban sama-sama, a niƙa tare. Duk kayan suna Tudun Hatsi. In da hali a ƙara garin busasshen kifi. Maganar cewa ƙwai yana koya wa yaro sata ba ta da tushe. Dafaffen ƙwai ɗaya a rana babban gata ne.

Ki zuba masa a kwanonsa shi kaɗai. Idan ya sa hannu cikin tire ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma uku sun share, ke kuma ki ɗauka ya ci.

Sai abubuwan da suke kashe masa yunwa ba a lura ba. Shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da yake gina jini, don haka ba abin karin kumallon yaro ba ne. Lemon kwalba, da zoɓo mai sukari, da alewa, da cincin kafin abinci suna toshe ciki. Madara ma kada ta wuce wajen rabin lita a rana. A rage gishiri da dunƙulen magi, kuma kada indomi ta zama abincin kullum. Madarar shanu da aka tatso sai an tafasa, saboda ɗanyarta tana iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka da na wani zazzaɓi mai naci. Gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, da aya, da gugguru, da dabino mai ƙwallo suna maƙalewa a maƙogwaro. A daka ko a niƙa har yaro ya kai shekara 5.

Kaza: abinci da cuta a jiki ɗaya

Gidaje da yawa a unguwarmu akwai kaji a bayan gida, wasu da tantabaru, wasu da akuya ko tunkiya. Kiwo alheri ne, daga nan ƙwan yaron zai fito. Matsalar ita ce uwar da take bin yaro da kwano lungu-lungu a tsakar gida. Loma ta faɗi, ya ɗauka ya mayar baki. Kaza ta sa baki a kwanon, a kore ta a ci gaba.

A wani bincike da aka wallafa a 2013, masana sun zauna a gidaje 23 a karkarar Zimbabuwe suna lura da abin da ƙananan yara suke kaiwa baki na tsawon awa 6. Uku daga cikin yaran sun ci ƙasa, biyu sun ci kashin kaji. Kashin kaji yana ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela da kamfilobakta, ko da kazar lafiyarta lau. Suna kawo gudawa, wani lokaci da jini. Ko ba a ga gudawa ba, yawan shigarsu ciki yana sa bangon hanji ya kumbura ya rage tsotsar amfanin abinci. Sai ki ga yaro yana ci amma ba ya ƙaruwa, ko cin ma ya gagara.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Kaji su kwana a akurki, ba a kicin ko ɗakin yara ba, kuma in da hali a kewaye musu wurinsu. A share tsakar gida kafin a saki yaro da safe. A ware masa tabarma mai tsabta ta cin abinci. A wanke hannunsa da naki da sabulu kafin ci, da bayan taɓa dabba, da bayan an wanke masa kashi. Kwanon ruwan kaji kada ya zama abin wasansa.

Idan gudawa ta zo, abu biyu ake farawa da su: ruwan gishiri da sukari na leda, a haɗa daidai yadda aka rubuta, da ƙwayar zinki miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14. A ci gaba da nono da abinci. Kada a fasa kafson nan ja-da-yalo a kunu, yana ɓata haƙoran yaron da bai kai shekara 8 ba. Kada kuma a ba shi maganin tsayar da gudawa na manya. In akwai jini a kashin, ko idanunsa sun faɗa, ko ya kasa sha, ko amai ya ƙi tsayawa, sai asibiti. Maganin tsutsar ciki kuwa duk wata 6 ne daga shekara 1: albendazol miligiram 200 ga ɗan wata 12 zuwa 23, miligiram 400 daga shekara 2. A murƙushe ƙwayar a ɗan ruwa kafin a ba shi. Ana rabawa kyauta tare da bitamin A a makon lafiyar mata da ƙananan yara.

Koya masa zama da dabba

Ɗan shekara biyu bai san mage tana jin zafi ba. Zai ja jelarta, ya tsokane idon kare, ya hau bayan akuya. Ba mugunta ba ce, bincike yake yi. Duka ba ya koya masa komai sai dai ya nuna masa cewa mai ƙarfi yana dukan wanda bai kai shi ba. Ki riƙe hannunsa ki nuna masa yadda ake shafa bayan dabba a hankali, ki ce "sannu-sannu," ki yaba masa in ya yi. In ya ja jela, ki ɗauke shi daga wurin nan take. Za ki maimaita sau da yawa, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Duk da haka, kada ki dogara da koyarwa kaɗai. Ba a barin yaro ƙarami shi kaɗai da kare, ko da karen gida ne da aka raina tun yana ɗan kwikwiyo. Yawancin yaran da kare ya ciza, karen da suka sani ne. Kada ya kusanci dabbar da take cin abinci, ko take barci, ko take da 'ya'ya. Kaza mai 'yan tsaki tana kai sara, kuma idon yaro yana daidai tsawonta in ya durƙusa. Karen gadi da yake wuni a ɗaure ya fi saurin kai cizo, don haka a tabbata yara sun shiga ɗaki kafin a kwance shi da dare. Ragon layya da aka kawo daga Tike baƙo ne a gidan, kuma ƙahonsa yana daidai ƙirjin yaro. A ɗaure shi a turken da yaro ba ya kaiwa. Magen da gashinta yake zubewa wuri-wuri tana iya sa wa yaro makero.

Idan kare ko mage ta ciji yaro

Wannan shi ne sashen da nake so kowane gida ya haddace. Ciwon haukan kare yana kashe wajen mutum 59,000 a duniya duk shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yakan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin alamomi su bayyana, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Da zarar sun bayyana, da wuya ƙwarai a rayu. Kafin su bayyana kuwa allura tana hana shi. Yara ƙanana an fi cizonsu a fuska da wuya, kuma cizon da ya fi kusa da kai ya fi saurin kai cutar ƙwaƙwalwa.

Da farko a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa, na tsawon minti 15 cif. A duba agogo. Sannan a shafa aidin in akwai. Kada a sa toka, ko barkono, ko gashin karen, ko garin magani, kuma kada a ɗaure tamau. A kai yaron asibiti a ranar, Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Jiha. Ko yakushi ne da ya fasa fata, a je. Allurar ana yin ta a rana ta farko, da ta 3, da ta 7, da wata tsakanin kwana 14 da 28, wasu asibitoci kuma suna yin biyar. A bi ranakun da aka rubuta har ƙarshe. Ciwo mai zurfi yana buƙatar ƙarin wata allura da ake yi a kewayen raunin. Ga abu biyu da nake so ku lura da su: wannan allura a firji take zama, tsakanin digiri 2 da 8, don haka kada a saye ta inda ba ku da tabbacin sanyin firjinsu. Kuma ba a yin ta a ɗuwawu. A cinya ake yi wa ƙaramin yaro, babba kuma a damtse.

A tsare dabbar a lura da ita kwana 10, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a fara allura. Cizon mage ƙarami ne a ido amma yana da zurfi, yakan kumbura cikin kwana ɗaya, shi ma likita ya gani. Maigida, in kana da kare ko mage, kai su asibitin dabbobi a yi musu rigakafi daga wata 3 da haihuwa, a sabunta duk shekara, ka ajiye katin. Cibiyar binciken dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin wannan rigakafi a nan gida Najeriya. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, ka mayar da ita ranar duba katin karenka.

Kayan kiwo da guba

Gidan da ake kiwo ba ya rasa maganin kaji, da na kaska, da shinkafar ɓera, da fiya-fiya. Duk a sa su a sama cikin akwati mai makulli, a cikin mazubinsu na asali. Kada a juye kananzir ko maganin ƙwari a robar ruwa ko ta lemo, yaro zai ɗauka abin sha ne. Idan ya sha, kada a sa masa yatsa a baki don ya yi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Aman kananzir yana shiga huhu ya fi shansa illa. A cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke fatarsa, a ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti don likita ya san abin da ya sha.

A wannan mako ki gwada abu uku: ki kai shi awo, ki ware masa kwano da tabarma, ki mayar da kaji akurki lokacin cin abinci. Ki ba tsarin mako biyu. In bayan haka nauyinsa bai motsa ba, ki tafi da katin awon wurin likita a bincika dalili.

Allah ya raya mana su cikin ƙoshin lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.